Kada Ka Sayi Gidan Nan Saboda Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam Ƙarami,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta uwa, tare da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ka Abuja lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masu tare hanya, Ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama. Na ba ƙanwarka Hadiza takardar, na ce ta tura maka cikin jaka a ƙarƙashin kaya, don kada ka gan ta sai ka sauka ka huta.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali jiya-jiya muna gida ɗaya. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan kakanka Malam da aka sa maka. Tun kana zanen goyo bakina bai taɓa kama sunanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi doguwar magana ba. Na yi shekara da shekaru ina tsayawa gaban aji, na riƙe makarantar firamare guda, iyayen yara suna zuwa da faɗa ina kwantar da su. Amma in ka shigo ka durƙusa ka ce, "Umma, ina kwana," sai in rasa abin cewa in ba "lafiya lau" ba. Maganar da ke cikina yau kuwa ta fi ƙarfin "lafiya lau". Shi ya sa na ɗauki biro.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Sau biyu gabana ya yanke ya faɗi cikin mako ɗaya, na biyun kuma kai ne sanadi.

Na farko ka san labarinsa, amma ba ka ji shi daga bakina ba. Makon jiya da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, Nasiru ya yi sallama, babban ɗan marigayi Alhaji Ɗanlami mai gidan nan da muke haya. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya. Sai na ga yana ta juya makullin mota a hannu, ya kasa ɗago kai.

Can ya ce, "Umma, an zauna rabon gado. Gidan nan yana cikin waɗanda za a sayar a raba kuɗin. 'Yan'uwa suka ce kafin a kai shi kasuwa a fara yi muku tayi, tunda kun daɗe a ciki."

Na ce, "Allah Ya yi muku albarka, kun kyauta. Nawa aka yi masa kuɗi?"

Ya faɗa.

Na ɗauka kunnena ne. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Sai na ji farantin shinkafar ya yi min nauyi, na ajiye shi ƙasa. Na ce, "Nasiru, gidan nan kaɗai kake nufi, ko duk layin har da masallaci?"

Ya yi dariyar kunya ya ce, "Wallahi Umma, ragi ma aka yi muku. Akwai wanda ya taya sama da haka. Ba ginin yake so ba, rushewa zai yi ya zuba ɗakunan haya na 'yan jami'a."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Bayan ya fita na tashi na zagaya gidan kamar baƙuwa. Na dubi kwanon da ke yoyo duk damina har sai mun jera bokitai, na dubi katangar baya da ta tsage tun babanku na da rai, na dubi ƙofar banɗakin da muke tokarewa da dutse. Wai wannan ne aka yi wa kuɗin da ko an haɗa garatutina da na babanku, an ɗora fanshon da zan ci har in mutu, ba za su kama ƙafarsa ba. Na riƙe baki na daɗe a tsaye. Ashe ina zaune a Yalwawa duniya ta wuce ta bar ni ban sani ba.

Ban gama farfaɗowa ba sai ga Hadiza ta zo daga gidan mijinta. Ta yi ta kewaye-kewaye, na ce ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce, "Umma, Yaya ya ce kada in faɗa miki, amma ba zan iya ba. Ya je wajen Nasiru ya ce a riƙe masa gidan. Zai ba da duk abin da ya tara a matsayin kafin alƙalami, har da kuɗin lefe. Zai sayar da motarsa. Sauran kuma banki zai ba shi bashi, su riƙa yanka daga albashinsa na Abuja."

Na ce, "Wane albashin? Wanda ko ƙamshinsa bai ji ba tukuna?"

Ta ce, "Cewa ya yi ba zai zura ido a fitar da ke daga ɗakin da Baba ya rasu ba."

Malam Ƙarami, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Rabin kukan na daɗi ne, don ba kowace uwa Allah ke ba ɗa mai irin wannan zuciya ba. Rabin kuwa na tsoro ne, domin na hango ka a bakin ramin da ni da babanka muka faɗa. Kun taso kun gan mu a gidan haya, ba ku taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa faɗa ba. Yau zan faɗa maka yadda ma'aikata biyu suka yi aiki har suka yi ritaya ba su mallaki ko taku ɗaya na ƙasa mai amfani a Dutse ba.

Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha aka ɗauko babanku daga Jahun aka kawo shi sakatariya, ni kuma aka ba ni aji a wata firamare. Kai muka bar ka wajen kakanka kana karatun allo. A lokacin Yalwawa ba unguwa ba ce kamar yadda ka san ta. Gonaki ne na gero da dawa, sai duwatsu, sai 'yan gidajen ƙasa jefi-jefi. Akwai wani manomi, Malam Haruna, da nake koyar da 'ya'yansa. Wata rana ya same mu ya ce yana son ya yanki wani ɓangare na gonarsa ya sayar, zai cika kuɗin kujerar Makka. Abin da ya nema bai wuce kuɗin bijimin sa da nake turka a gidan kawunka Idi a Jahun ba, in an haɗa da kwasar adashina da ta kusa zuwa.

Babanku ya so abin. Ya ɗauke ni a babur muka je gani. Ko hanyar kirki babu, sai da muka sauka muka taka. Ƙarangiya ta cika min zane, ƙaya ta huda min takalmi. Na tsaya a inuwa ina cire ƙarangiya raina a ɓace, na ce, "Ni da na baro ƙauye na zo birni, a sake mai da ni daji? In na gina a nan, wa zan aika wa ɗan wake? Dila?"

Malam Haruna ya ce, "Malama, ai gari zuwa yake yi."

Na ce, "To in ya iso a aiko min."

Babanku bai ja ba, don kuɗina ne. Na sayar da san, na kwashi adashin, na je Kano na sayo saitin kujeru da firji da labule, don in matan ma'aikata sun zo kada su raina ni. Gonar kuwa Alhaji Ɗanlami ya saya, ya yayyanka ta ya yi gine-gine. Bayan wasu shekaru, da iyali suka ƙaru muka nemi gida mai ɗan faɗi, aka kawo mu Yalwawa. Ranar da muka tare, ina saukowa daga motar kaya na ɗaga kai, sai na gane wurin. Tsamiyar nan ta ƙofar gida, wadda kuka taso kuna jifan 'ya'yanta, a gindinta na tsaya ina cire ƙarangiya. Na dubi babanku, shi ma ya dube ni. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi min gori ba. Duk hayar da muka biya tun daga ranar, a kan ƙasar da na ƙi muka biya ta. Kujerun gara ta cinye su tun kuna sakandare. Firjin kuwa ka san shi, shi ne wanda nake ajiye kwanuka a ciki.

Saboda haka, in za ka duba fili kada ka tsaya kan kamanninsa na yau. Ka duba inda ake jan turakun wuta, inda ake zuba jar ƙasa a hanya, inda aka kafa harsashin makaranta ko asibiti, inda masu adaidaita suka fara yarda su kai mutum ba gardama. Kuma kada ka sayi kayan da za a gani a yaba da kuɗin da zai iya sayen ƙasa. Matan da na yi wa kujeru, yau ko sunan rabinsu ba na tunawa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ai ba rana ɗaya kuɗin fili ya haukace ba. Mun sami dama, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Muka buɗe ajiya a banki muka sa mata suna kuɗin gida. Duk sanda muka ga ta ɗan yi auki sai babanku ya fita tambaya, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce, "Malama, wannan hauka ne, hauka kuwa ba ya daɗewa. Bari su gaji, zai sauko." Ni kuma in ce gaskiya ne. Mu jira baɗi. Baɗi ta zo, abin da muka ƙara bai kai abin da aka ƙara wa filin ba. Kamar mai bin inuwarsa da yamma, muna matsawa tana ƙara tsawo.

Kuma har da girman kai a ciki. Mu cikakken fuloti muke so, a bakin kwalta, inda in an tambayi gidan shugabar makaranta za a nuna da alfahari. An kawo mana rabin fuloti a lungu muka ce ya yi mana kaɗan. Wata abokiyar aikina ta karɓe shi. Ta yi ɗaki ɗaya da banɗaki, ko filasta babu, ta kewaye da zana ta tare da 'ya'yanta. Muna ofis muna yi mata tsiya, muna cewa ta koma gidan gona. Ita kuwa duk sanda ta sami ɗan abu sai ta sayi bulo ta jibge. Bana ta ƙara ɗaki, baɗi ta ja katanga. Da aka kawo jami'a garin nan, mutane suka cika Dutse, aka wayi gari kuɗin ajiyarmu gaba ɗaya ba zai sayi wannan rabin fulotin da muka raina ba. Ranar da babanku ya dawo da wannan labari, abincin rana ma bai iya ci ba.

Ka ji wannan da kyau. Kuɗin da aka ajiye ana jiran farashi ya faɗi, gishiri ne a damina, yana cikin kwano yana narkewa. Ban san gaibu ba, ba zan rantse maka cewa ƙasa ba ta taɓa yin araha ba. Amma ni dai tun zuwana garin nan ban ga ranar ba, kuma na jira ta fiye da kowa. Lokacin sayen fili na farko shi ne ranar da abin hannunka ya isa sayen wani abu mai tsabta, komai ƙanƙantarsa, ba tare da ka ci bashi ko ka hana iyalinka tuwo ba. In ranar ta zo kada ka ce sai ya fi haka girma. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai abin da ya karya mu ba jiran ba ne. Gaggawa ce, kuma saboda ita na zauna rubuta maka wannan takarda.

Da babanku ya yi ritaya, tsoro ya kama mu. Ya kan zauna a ƙofar ɗaki ya ce, "Yanzu in na faɗi na mutu, a gidan wani za a yi min wanka." Da garatutinsa ya fito bayan dogon jira, sai muka zama kamar mayunwata a gidan biki. Wani dillali ya ji labari ya zo har gida. Tsakiyar rani ne. Ya kai mu can bayan gari ya nuna mana fili shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba kwari, ƙasa baƙa mai laushi, kuɗinsa kuma ƙasa da na ko'ina. Ni da na taɓa raina daji, na ce wannan karon ba za a yi da ni ba.

Babanku ya ce, "Bari mu je mu yi shawara, mu ɗan tambaya."

Dillalin ya ce, "Alhaji, shawara tana da kyau. Sai dai akwai wani mutumin Kano da zai zo gobe da kuɗinsa a jaka. Don ina ganin girmanku ne na fara kawo ku."

Na ja babanku gefe na ce, "Mun yi jira ya ishe mu. In wannan ya wuce mu, kada ka sake yi min maganar gida." Haka muka biya a makon. Ba mu je wajen mai unguwa ba, ba mu tsai da ko mutum ɗaya daga masu gonakin wajen mun tambaya ba. Takarda kam an ba mu, kuma ta gaskiya ce. Filin namu ne halak malak.

Kuɗin gini bai isa ba, sai na ce a sayar da gonar da na gada a Jahun. Kawunka Idi ya hau mota ya zo Dutse takanas. Ya ce, "Yaya, gonar nan ita ke ba ku geron da kuke ci. Ki bari a yi ginin a hankali mana." Na ce masa ya koma, ni na san abin da nake yi. Aka sayar. Muka sayi bulo da siminti, aka haƙa harsashi, gini ya tashi har ya kai taga. Kullum da la'asar sai mun je. Babanku ya kan tsaya cikin ɗakin da ba rufi ya ce, "Nan zan sa gadona, nan kuma shantar littattafai." Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na watannin nan ba.

Sai damina ta sauka. Aka yi wasu kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba mu sami zuwa ba. Da aka ɗauke muka hau adaidaita. Tun daga nesa mai adaidaitan ya tsaya ya ce ba zai iya wucewa ba. Muka sauka muka hau wani tudu.

Malam Ƙarami, babu filin. Ruwa ne fari fat iyakar ganinka. Ginin namu yana tsakiya, saman tagogi kawai ake gani, ɓari ɗaya ya riga ya kwanta. Agwagi suna shiga ta tagar ɗakin babanku suna fita ta ɗaya. Na yi salati. Na juya na dubi babanku, na ga ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar rigarsa, yana kallon ruwan kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Washegari muka je wajen mai unguwa, wanda ya kamata mu fara zuwa tun farko. Ya saurare mu ya ce, "Ayya! Ai nan matattarar ruwa ce tun kaka da kakanni. Duk ruwan da ya gangaro daga duwatsu nan yake kwana. Da kun yi min sallama, da ko sisi ba ku bayar ba." Dillalin kuwa da aka same shi cewa ya yi shi fili ya sayar mana, ba shi ya saukar da ruwa ba.

Garatuti ya tafi, gona ta tafi. Daga wannan shekara muka fara auno gero a kasuwa kamar waɗanda ba su da asali. Babanku bai sake ambaton kalmar gida ba. Hawan jini ya kama shi, ya rage fita, ya rage magana. Ba na cewa ruwan ne ya kashe shi, ajali ne, kuma kowa da ranarsa. Amma mutumin da ya hau tudun nan da ni ba shi ne ya sauko ba. Ku a lokacin kuna makaranta, muka ce muku an fasa ginin ne kawai.

To, ga abin da na saya da tsada, na ba ka kyauta. Duk wanda ya ce maka yau ko gobe, akwai wani mai zuwa da kuɗi, ka ce Allah Ya ba mai rabo, ka juya. Kada ka sayi ƙasar da ba ka gan ta da damina ba. Ka je wajen mai unguwa, ka zauna da maƙwabta, ka tambayi tsofaffin wajen, ka kai takardun ofishin filaye a duba, ka sa shaidu na mutunci. In abu ya yi araha fiye da na kewayensa, akwai dalili, ka nemo dalilin kafin ya nemo ka. Kuma kada ka taɓa sayar da abin da ke ciyar da kai don ka gina inda za ka kwana da yunwa.

Yanzu ka dubi abin da kake shirin yi, ka gaya min bambancinsa da namu. Mu tsoro ya kore mu, kai tausayi ke korar ka, kuma duk biyun ba sa barin mutum ya yi lissafi. Za ka sayi tsohon gida a lokacin da ya fi kowane lokaci tsada, kana takara da mai kuɗin da zai rushe shi ya ci riba, kai kuwa ba abin da zai dawo maka da shi sai tsohuwa a ciki. Za ka shiga garin da aka ce min ana biyan hayar shekara a dunƙule kafin a ba mutum makulli, ba mota, ba ajiya, rabin albashi a hannun banki. In aikin bai karɓe ka ba fa? In aka yi wata biyu ba a biya ba fa? Ga yarinyar mutane da za ka aura, an sa rana bayan Babbar Sallah, iyayenta sun yarda da mu. Da wane baki zan je in ce musu an ɗaga saboda ni?

Sannan bashin nan na kuɗin ruwa ne, kada ka sake masa suna. Kakanka da kake ɗauke da sunansa ya ƙare rayuwarsa yana karantar da mutane a zaure a Jahun, bai bar dukiya ba, amma bai taɓa cin ƙwandalar da yake shakka ba. Ba zan kwanta a ƙarƙashin rufin da aka saya min da riba ba. Barcin ba zai zo ba.

Abin da nake so ka yi shi ne wannan. Ka riƙe motarka. Ka ware kuɗin aurenka kada ka taɓa. A Abuja kada ka sayi ko tafin hannu sai ka ci rani da damina a can, ka san garin, ka san mutanensa, don na ji can ma dillalai sun fi na nan baki. Abin da ya rage a hannunka, in ka zo hutu ka nemi ɗan fili a nan gida, can gefen da gari ke nufa, ko rabi ne, ko kwata. Ka tafi da kawunka Idi, ya san ƙasa, ya san inda ruwa ke bi. In kun ga mai tsabta, kuɗinka kuma ya isa, ka saya a lokacin, kada ka ce sai baɗi. Ka kewaye shi, ka dasa ko darbejiya ce. Sauran sai a hankali.

Na san halinka, za ka karanta duk wannan ka ce, "Umma ta yi gaskiya," sannan ka je ka yi abin da ka yi niyya. Shi ya sa ban bar maka ƙofa ba. Shekaranjiya, kana can wajen sallama da abokanka, na yafa mayafi na je gidan Nasiru da ƙafata. Na ce masa ya sayar wa wancan mutumin, mu mun janye.

Ya ce, "Umma, amma ɗanki ya ce in riƙe masa."

Na ce, "Ni na haife shi. In ya kawo maka ko naira ɗaya ka karɓa, ban yafe ba."

Sai ya ce sun ba ni har bayan kaka in shirya a tsanake, kuma ba za su karɓi hayar watannin ba. Yaron kirki ne, kada ka riƙe shi a zuciya. Haƙƙin marayu ne da na mata, dole su raba.

Hadiza ta ce in koma wajenta, na ce ba zan zauna gidan suruki ba. Na buga wa kawunka waya. Ina jin nauyin abin da na yi masa a kan gonar nan, na fara kame-kame. Ya katse ni ya ce, "Yaya, ɗakin Inna yana nan, buhunan gyaɗa ne kawai a ciki. Gobe zan sa a kwashe a yi shafe. Dama yaran gidan nan sun rasa mai duba musu karatun boko." Ko kalma ɗaya bai ce a kan abin da ya wuce ba. Jahun ba bayan duniya ba ce. Ga asibiti, ga kasuwa, ga 'yan'uwa, fanshona kuma zai fi auki a can.

Ba zan ce maka ba zafi ba. Akwai zafi. A gidan nan na yaye autarmu, a nan aka ɗauki Hadiza, a nan aka fitar da babanku. Ranar da za a sa gatari a katangar nan ba na so ina garin. Amma babanku ba ya cikin ɗakin nan, yana inda addu'armu ke isa gare shi, daga Jahun ko daga Abuja. Na rasa ƙasa sau uku na rayu. In na ga bashi ya tanƙwara ka tun kana saurayi saboda ni, wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Za ka yi fushi. Ka yi, ka huce, sannan ka kira ni. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da Allah Ya ba ka naka, kada ka turo min hoto a waya. Ka zo Jahun ka ɗauke ni, in taka shi da ƙafata, in shimfiɗa mayafina a kai in yi raka'a biyu. Ko da ba ka aza bulo ɗaya ba, wannan ya ishe ni.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kula da abin da kake ci, ka san da wa kake zama. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin mutum da aljan, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da maƙwabta na gari. Allah Ya sa albarka a cikin abin da za ka samu, kaɗan ko mai yawa, Ya ba ka matsuguni na halal a duniya, Ya gina maka wanda ya fi shi a Aljanna. Allah Ya jiƙan babanku, Ya dawo min da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Ummanku,
Yalwawa, Dutse.